Daga Tafin Ƙafa Zuwa Ƙirji: Yadda Ake Gano Dajin Fata Idan Ya Kai Ga Kaluluwar Ƙirji

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san kaluluwa. Yaro zai taka ƙaya a gona, ko faso ya tsage masa a diddige, bayan kwana biyu sai ya ji wani ɗan ƙullutu a gindin cinya yana yi masa zogi, har ya riƙa ɗingishi. Manya sukan ce kaluluwa ce, da zarar mikin ya warke za ta sace da kanta, kuma galibi hakan ake yi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan ƙullutai ba a cinya da hammata da wuya kaɗai suke ba. Akwai da yawa daga cikinsu can cikin ƙirji, tsakanin huhun dama da na hagu, inda hannu ba ya kaiwa, ido kuma ba ya gani.

Mu ƙaddara wani manomi ne daga cikin ƙauyukan fadamar Gulbin Rima, tsakanin Sabon Birni da Isa, mai kimanin shekara 55. Ya je asibiti da tari na wata biyu, ga rama, ga sarƙewar numfashi idan ya yi tafiya. An ɗauki hoton ƙirjinsa, sai aka ga tsakiyar ƙirjin ta yi faɗi fiye da kima, alamar kaluluwar da ke ciki ta kumbura. Abin da zai fara faɗo wa kowa a rai shi ne tarin fuka, kuma da gaskiyarsa, domin shi ya fi yawa a ƙasarmu. To amma da likita ya ce ya tuɓe takalmi, sai ga tabo a diddige. Shekara biyu da suka wuce an yanke masa wani baƙin tsiro a wurin, aka jefar, mikin ya warke, kowa ya manta.

Maƙasudin wannan darasi shi ne mu bi sawun likita mataki-mataki, mu ga yadda yake haɗa tsakanin wannan tabo na ƙafa da waccan inuwa ta ƙirji, mu kuma fahimci dalilin da ya sa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebo ɗan yanki na tsokar an duba ta a ƙarƙashin madubin likita.

Mene Ne Melanoma?

A ƙasan shimfiɗar fata ta waje akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira melanosait. Aikinsu shi ne sarrafa wani sinadari mai launi da ake kira melanin, wanda shi ke ba fata da gashi launinsu, yana kuma kare fata daga ƙunar rana. Baƙar fata da farar fata duk yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikinsu. Bambancin kawai shi ne na baƙar fata sun fi zuba melanin da yawa. Idan suka taru a wuri ɗaya cikin lumana, sai su zama abin da muke kira tawadar Allah. Idan kuwa ɗaya daga cikinsu ta lalace, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, tana kutsawa cikin tsokar da ke maƙwabtaka da ita, to an sami nau'in ciwon daji da ake kira melanoma.

A Turai da Ostireliya yawancin wannan ciwo hasken rana ke haddasa shi, kuma yakan fito a baya, ko fuska, ko ƙwauri. A wurinmu abin ya sha bamban. Melanin ya kare mana yawancin jiki, saboda haka ciwon bai yawaita ba, amma idan ya zo yakan zaɓi wuraren da ba su da launi sosai, wato tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Rahotannin da likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano suka wallafa sun nuna cewa a ƙafa aka fi samunsa, kuma masu shi sukan zo asibiti bayan ya riga ya girma. Wannan nau'i ba ruwansa da rana. Wani bincike da aka wallafa daga Japan a 2016 ya nuna ya fi fitowa a sassan tafin ƙafa da ke ɗaukar nauyin jiki, kamar diddige da gaban tafi.

Akwai sanannen misali a duniya. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, an gano masa wannan ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977. Da farko an ɗauka rauni ne na ƙwallon ƙafa. An ba shi shawarar a yanke yatsan, bai amince ba, sai aka cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa kawai. Ciwon ya bazu har huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Haɗarin melanoma ya danganta ga zurfinsa fiye da faɗinsa. A 1970 wani likita a Amurka mai suna Alexander Breslow ya nuna cewa idan aka auna kaurin tsiron da milimita a ƙarƙashin madubi, ana iya hasashen abin da zai biyo baya. Wanda bai wuce milimita 1 ba, yankewa kaɗai takan warkar da fiye da mutum 9 cikin 10. Wanda ya haura milimita 4 kuwa, sau da yawa ya riga ya sami hanyar fita daga inda ya tsiro.

Hanyar Da Ciwon Ke Bi

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran magudanai a jiki masu ɗauke da wani ruwa garai-garai da ake kira limfi. Ɗalibi ya taɓa ganin irinsa: shi ne kamar ruwan da ke taruwa cikin bororo idan ƙotar fartanya ta goge hannu. Wannan ruwa yana tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini, ya wanke tsoka, sa'an nan magudanan su tattara shi su mayar cikin jini, kimanin lita 3 a kowace rana. A kan hanyarsa yana ratsa ƙullutan kaluluwa, waɗanda yawansu ya kai kimanin 600 a jikin mutum, daga mai girman ƙwayar dawa zuwa mai girman wake. Kowane ƙullutu rariya ne: yana tace ƙwayoyin cuta da datti, kuma cike yake da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Kumburin da yaro ke ji a cinya alama ce ta wannan yaƙi.

Domin mu fahimci tafiyar, mu dubi Gulbin Rima. Ƙananan ƙoramu suna zuba cikinsa, ya wuce ta Sabon Birni, ya tarar da madatsar ruwa ta Goronyo inda yashi da tarkace ke kwantawa, abin da ya tsallake ya ci gaba har ya haɗu da Gulbin Sakkwato, daga nan sai Kwara. Haka ruwan limfi na ƙafa yake. Madatsa ta farko tana bayan gwiwa da gindin cinya. Daga nan ya shiga ta cikin ƙugu, ya hau ta gefen ƙashin baya, ya taru a wani babban bututu da ke ratsa ƙirji, wanda ke juye ruwansa cikin jijiyar jini a gindin wuya ta ɓangaren hagu.

Ƙwayar melanoma da ta ɓalle daga diddige takan fara maƙalewa a gindin cinya. Bambancinta da kaluluwar ƙaya shi ne, ita tauri gare ta, galibi ba ta zafi, ba ta sacewa, sai ƙara girma. Idan ta tsallake wannan madatsa, tana iya kaiwa ga kaluluwar ƙirji ta hanya biyu: ko ta bi babban bututun nan, ko kuma ta shiga jini ta sauka a huhu, daga huhun ta gangara cikin ƙullutan da ke tace shi. Wannan tafiya na iya ɗaukar watanni, tana kuma iya ɗaukar shekaru bayan an cire tsiron farko. Shi ya sa tsohon tabo yake da muhimmanci.

Tsakiyar ƙirji wuri ne mai cunkoso. Nan zuciya take, da manyan jijiyoyin jini, da bututun numfashi, da bututun abinci. Idan ƙullutan suka girma suka danne bututun numfashi, sai tari da sarƙewa. Idan suka danne jijiyar da ke motsa maƙogwaro, sai murya ta dishe. Idan bututun abinci ne, sai haɗiya ta yi wuya. Idan kuwa babbar jijiyar da ke mayar da jinin kai zuwa zuciya ce, sai fuska da wuya su kumbura. Wani lokaci kuma babu alama ko ɗaya, sai dai hoto ya tona.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

A yankinmu akwai abubuwa uku da ke iya rikita mai bincike. Na farko shi ne tarin fuka, wanda ke kumbura kaluluwar ƙirji, ya kawo tari da rama da zufar dare. Na biyu shi ne hayaƙi da ƙura. Matar da ta shekara talatin tana girki da itace ko kara a cikin rufaffen madafi, huhunta na shaƙar gawayi, kaluluwar ƙirjinta na tace shi, har ƙullutan su koma baƙi ƙirin, wani lokaci su ɗan kumbura. Na uku shi ne melanoma, wanda shi ma yakan mayar da ƙullutu baƙi. Bayan waɗannan akwai dajin huhu, da dajin kaluluwar kanta, da wata cutar kumburi da ake kira sakoidosis.

Wannan ruɗani tsoho ne. Likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, shi ne ya fara bayyana melanoma a matsayin cuta mai zaman kanta, a wata lacca da ya gabatar a Faris a 1804, aka buga ta a 1806. Daga cikin abin da ya yi ƙoƙarin rarrabewa har da baƙin wannan ciwo da kuma baƙin da aka saba gani a huhu da kaluluwar ƙirjin mutane. Shi kansa tarin fuka ne ya yi ajalinsa a 1826. Ashe tambayar da likitan Sakkwato ke fuskanta a yau, an fi shekara 200 ana yin ta.

Kuskure a nan yana da tsada ta kowane ɓangare. Idan aka ɗauki melanoma a matsayin tarin fuka, majiyyaci zai yi wata 6 yana shan maganin da ba nasa ba, ciwon na ci gaba. Idan kuma aka ɗauki tarin fuka a matsayin daji, za a yanke ƙauna ga mutumin da maganinsa ke nan kyauta a asibitin gwamnati, kuma yana warkarwa sarai.

Matakan Bincike

Mataki na farko: tambaya. Likita zai tambayi tsawon tarin, da zazzaɓi, da zufar dare, da ko akwai mai tari a gida, da shan taba, da irin aikin da mutum ke yi. Zai kuma tambaya ko an taɓa yanke masa wani tsiro, ko an yi masa sakiya, ko an ƙone masa wani baƙin tabo, ko an cire masa farce ko yatsa. Majiyyata da yawa ba sa ambaton wannan, domin a ganinsu ina ruwan ƙafa da ƙirji.

Mataki na biyu: duba jiki duka. Ana duba tafin ƙafa, da tsakanin yatsu, da farata, da tafin hannu, da fatar kai, da cikin baki, da ido. Ana lalube gindin cinya, da bayan gwiwa, da hammata, da wuya, musamman ramin da ke saman ƙashin wuya na hagu, inda babban bututun limfi ke ƙarewa. A ƙafa ma akwai masu kama da melanoma: gudan jini a ƙarƙashin farce, da gyambon ciwon sukari, da kumburin nan na ƙafa da ke biyo bayan sukar ƙaya a ƙasashen Sahel, mai fitar da ruwa da ƙananan baƙaƙen tsaba.

Mataki na uku: hoton ƙirji da gwajin majina. Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, inuwa kawai yake nunawa. Yana iya cewa tsakiyar ƙirji ta yi faɗi, amma ba ya faɗin abin da ya faɗaɗa ta. Ana haɗa shi da gwajin majina a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, mai gano ƙwayar tarin fuka cikin kimanin awa 2. Sai dai a lura da abu biyu. Tarin fukan da ke cikin kaluluwa kaɗai ba lalle ya fito a majina ba. Haka kuma samun tarin fuka bai kore daji ba, domin mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun.

Mataki na huɗu: hoton siti. Wannan na'ura, wadda aka fara amfani da ita a kan majiyyaci a Landan a 1971, tana ɗaukar hoton jiki yanki-yanki kamar yadda ake yanka albasa, kwamfuta ta harhaɗa. Da ita ake ganin kowane ƙullutu, da girmansa, da mazauninsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, ƙullutun da kaurinsa ya wuce santimita 1 abin tuhuma ne. Tana kuma nuna huhu da hanta, ko akwai wani tsiro a cikinsu. Akwai wata na'urar da ta fi wannan, wadda ake kira fet, inda ake yi wa mutum allurar sukari mai ɗauke da ɗan haske, sai duk inda ƙwayoyi ke cin sukari da yawa ya haskaka a hoto. Ƙwayoyin melanoma mayunwata ne, suna haskakawa sosai. Matsalar ita ce kaluluwar tarin fuka ma haka take yi. Saboda haka ko wannan na'ura mai tsada, wadda ƙalilan ce a Nijeriya, nuni kawai take yi.

Mataki na biyar: ɗebo tsoka. Wannan shi ake kira bayofsi, kuma shi ne alƙali. Ƙa'idar likitoci ita ce a ɗebo daga wuri mafi sauƙi da rashin haɗari. Idan tsiron ƙafa yana nan, daga shi ake farawa. Idan akwai ƙullutu mai tauri a cinya ko a gindin wuya, ana soka masa siririyar allura a zuƙo ƙwayoyi, ko a ciro shi ɗungurungum. Sau da yawa wannan ya wadatar, ba sai an taɓa ƙirji ba.

Idan kuwa ba inda ya kumbura sai cikin ƙirji, akwai hanyoyi uku. Ta farko tiyata ce ƙarama da likitan Suwidin Eric Carlens ya bayyana a 1959: a sa wa mutum barci, a ɗan tsaga fata a gindin wuya daidai saman ƙashin ƙirji, a zura bututu mai fitila ta gaban bututun numfashi, a gutsuro ƙullutun. Ta biyu ta yaɗu ne daga farkon shekarun 2000: ana zura lanƙwasasshen bututu ta baki zuwa cikin hanyar numfashi, a bakinsa akwai na'urar hoto mai aiki da amo, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Da ita likita ke hango ƙullutun ta bayan bangon bututun numfashi, ya kauce wa jijiyoyin jini, ya soka allura ya zuƙo. Ba a yanka ko'ina, kuma galibi mutum kan koma gida a ranar. Ana iya yin irin wannan ta bututun abinci. Ta uku ita ce a shiga ta tsakanin haƙarƙari, da allura ko da kyamarar tiyata. Na'urorin nan suna buƙatar ƙwararru, ba kowane babban asibiti ke da su duka ba, shi ya sa ake tura majiyyaci daga wani asibiti zuwa wani.

Akwai wata ƙaramar ƙa'ida da ya kamata ɗalibi mai sha'awar aikin asibiti ya riƙe. Abin da aka ɗebo ana raba shi biyu. Kashi ɗaya a saka cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda yawansa ya ninka tsokar sau 10, domin kada ta ruɓe. Ɗaya kashin a saka cikin ruwan gishiri na asibiti domin gwajin tarin fuka, saboda fomalin yana kashe ƙwayar cutar, ba za ta tsiro a ɗakin gwaji ba.

Mataki na shida: ɗakin gwaji. Masanin cututtukan tsoka zai daskarar da yankin cikin kakin kyandir, ya yanka shi siriri fiye da fatar albasa, ya rina, ya duba a madubi. Idan tarin fuka ne, zai ga ƙwayoyin kariya sun yi da'ira, tsakiyarsu ta mutu ta yi kama da cuku, wani rini na musamman kuma ya nuna ƙwayar cutar ja kamar ɗan tsinke. Idan hayaƙi ne, zai ga baƙin gari a cikin ƙwayoyin shara na jiki, sauran ƙullutun kuwa lafiya lau. Idan melanoma ne, zai ga baƙin ƙwayoyi manya, marasa tsari, sun mamaye gidan. Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe launukan biyu: sinadarin da ke kore launi yana wanke melanin, amma ba ya taɓa gawayi.

Sai dai wani melanoma ba ya yin launi ko kaɗan. A nan ake amfani da rini na zamani, mai kama wasu sunadarai da ƙwayoyin melanosait ke ɗauke da su duk inda suka je, irin su S100 da SOX10 da HMB-45 da Melan-A. Kamar dai yadda ake gane Bagobiri da zanensa ko a Makka aka gamu da shi, haka ake gane cewa ƙwayar da aka samu a ƙirji asalinta daga fata take. Daga ƙarshe ana iya bincika ko tana da canji a wani ƙwayar gado mai suna BRAF, wanda aka gano alaƙarsa da melanoma a 2002. Kusan rabin melanoma na Turawa na da wannan canji, amma a na tafin ƙafa bai kai haka yawa ba.

Abin Da Sakamakon Ke Nufi

Likitoci sun kasa melanoma mataki 4. Na 1 da na 2, ciwon yana fata kawai. Na 3, ya kai kaluluwa mafi kusa, wato ta cinya ga ciwon ƙafa. Na 4, ya yi nisa. Melanoma na ƙafa da aka samu a kaluluwar ƙirji yana mataki na 4. Daga nan akan duba ƙwaƙwalwa da hanta, a kuma auna wani sinadari na jini mai suna LDH, domin a san iyakar bazuwarsa.

Kafin 2011 yawancin masu wannan mataki ba sa cika shekara. Daga wannan shekara aka fara samun magunguna iri biyu: masu toshe aikin BRAF, da masu kwance wa garkuwar jiki dabaibayi domin ta yaƙi dajin da kanta. Binciken da ya haifar da iri na biyu shi ya ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan kyautar Nobel a 2018. A wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2024, mutum 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa irin waɗannan magunguna biyu suna raye bayan shekara 10. Amma gaskiya ɗaya ce: magungunan suna da tsada ƙwarai, sun fi ƙarfin yawancin iyalai a ƙasarmu, kuma nau'in tafin ƙafa bai cika jin su kamar na Turawa ba. Duk da haka sanin sunan ciwon yana da amfani. Yana hana ɓarnar dukiya a kan maganin da ba zai yi ba, yana buɗe ƙofar gashi da haske domin rage ƙullutun da ya danne numfashi, da maganin zafi, yana kuma ba iyali damar shiri.

Darasi Ga Mutanenmu

Mu koma ga manominmu. Da a ce ranar da aka yanke baƙin tsiron nan an saka shi a kwalbar fomalin an aika Sakkwato, da an san sunansa da zurfinsa tun shekara biyu da suka wuce, da an ƙara yanke gefen wurin, an kuma sa ido a kan kaluluwar cinya. Akwai babban asibiti a Isa, akwai a Sabon Birni, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen binciken tsoka da na gashin daji. Haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano da ke Kano, suna binciken tsoka. Rashin tsaro da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda tun 2019 ya tura dubban mutane gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, ya sa tafiya ta yi wuya. Amma tsokar da ke cikin fomalin ba ta lalacewa da wuri, kwalba na iya tafiya ko da mai ita bai je ba. Wanda kuma aka yi wa aiki a Maraɗi ko a Sakkwato, ya adana takardar sakamakonsa kamar yadda yake adana takardar gona, ya nuna ta ga duk likitan da ya gani, a kowane ɓangare na iyaka.

Ana yawan cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Abin da ke faruwa shi ne, mutane kan zo asibiti bayan ciwon ya riga ya bazu, sai a ɗora wa allura laifin jinkiri. Binciken likitoci bai nuna cewa bayofsi yana rage kwanan mai melanoma ba. Abin da ke cutarwa shi ne a ƙone tsiron, ko a yi masa sakiya, ko a yanke a jefar, domin an ɓatar da shaida, saiwar kuma tana nan.

Ga alamomin da ya kamata a kai asibiti ba tare da jinkiri ba: baƙin tabo a tafin ƙafa ko hannu da ke ƙara faɗi, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya rarrabu; baƙin layi a farce ɗaya da ke faɗaɗa ko ya malalo kan fatar gefe; mikin ƙafa da ya yi wata biyu ana magani bai warke ba; da kaluluwa mai tauri marar zafi da ta wuce wata ɗaya ba ta sace ba. Tsofaffi da yawa ba sa iya ganin tafin ƙafarsu. Ɗalibin da ya zuba wa kakansa ruwan alwala, ya ɗan duba masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi Da Aikin Aji

1. Zana siffar mutum, ka nuna hanyar da ruwan limfi ke bi daga diddige zuwa gindin wuya, ka sa alama a wuraren da kaluluwa take.

2. Kawo abubuwa uku da ke iya kumbura kaluluwar ƙirji a yankinmu, ka bayyana yadda kowanne yake a ƙarƙashin madubin likita.

3. Me ya sa hoton siti da na fet ba su isa su tabbatar da melanoma ba?

4. Me ya sa ake raba tsokar da aka ɗebo gida biyu?

5. Ga malamai: a kawo rariya, da ruwa, da garin gawayi, a tace a gaban aji domin nuna aikin kaluluwa. Sa'an nan a sa ɗalibai su auna milimita 1 da milimita 4 a kan rula, su tattauna yadda wannan ɗan bambanci yake raba mai warkewa da wanda ciwonsa ya yi nisa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana ilmi mai amfani.